ZAUREN IYALI: Katangar da ta zube da karen da bai dawo ba

  

Mun san akwai waɗanda za su yi mamakin ganin wannan fili, da aka saba tattauna tarbiyyar yara da zaman aure da haƙƙin maƙwabtaka a cikinsa, ya ɗauko zancen kare. Muna roƙonsu su yi haƙuri su bi mu zuwa ƙarshe, domin za su tarar ba mu fita daga zancen haƙƙin maƙwabci ba. Gidaje da yawa a garuruwanmu, musamman na sababbin unguwannin bayan gari da na masu lambu da masu garke, suna da karen gadi, sai dai ba a son ambatonsa a cikin mutane. To, abin da mutum ya ajiye yana jin kunyar ambatonsa, shi ne abin da ya fi yi wa sakaci: ba ya tambayar malami hukuncinsa, ba ya kai shi wurin likita, sai ranar da ya jawo masa magana. Mu ma mun faɗa cikin wannan, shi ya sa muka ga ya dace mu fara da kanmu.

Abin da ya same mu

Gidanmu yana can gefen Damagaram, inda gidaje suka fara tazara da juna. A shekarun baya ɓarayi suka haura mana har sau biyu, suka kwashe tumakin da mahaifiyarmu ke kiwo domin layya. Bayan na biyun ne Malam, mahaifinmu, ya yarda a karɓo ɗan kwikwiyo daga wurin wani makiyayi, bisa sharaɗin ba zai shiga ɗaki ba, ba zai kusanci wurin salla da karatu ba, ba kuma za a bar shi da yunwa ba. Baƙi ne wuluk, da ɗan fari a ƙirji, yara suka sa masa suna Duna. Shekara huɗu ya yi yana kwana a bakin garke, ba mu ƙara rasa ko kaza ba.

Duk wanda ke Nijar ba zai manta da daminar 2024 ba. Ruwa ya yi ɓarna a jihohi da dama, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi a farkon watan Satumba. A cikin waɗannan kwanaki ne kusurwar katangarmu ta bayan garke ta zube, ta bar giɓin da bai wuce kamu biyu ba. Muka jingina tsohon langa-langa, muka ɗora ƙaya, muka ce sai ruwa ya ɗauke a kira magini. Kwana tara muna cewa gobe. A dare na goma hadari ya taso da tsawa mai ƙarfi, iska ta ture langa-langar, da muka fito alwalar asuba babu Duna.

Muka bazu nema, mu da ƙannenmu da ɗaliban Malam. Muka duba mahauta da jujin unguwa da tsakankanin duwatsu, muka kai har Kasuwar Dole da tashar mota. Wani ɗalibi ya kawo shawarar a yi cigiya da lasifikar masallaci bayan magariba, Malam ya hana, ya tuna mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cigiyar abin da ya ɓace a cikin masallaci, domin ba don haka aka gina masallatai ba. Sai muka koma ga mai unguwa da masu shayi da 'yan kabu-kabu.

A rana ta uku da la'asar aka yi sallama a zaure. Wani dattijo ne daga unguwar da ke gaba da tamu, tare da mutum biyu. Bayan gaisuwa ya ce: "Allah ya gafarta Malam, wani baƙin kare ya ciji jikana a ƙauri ɗazu da hantsi, an kuma ce mana naku ya ɓace." Yaron shekararsa shida. Malam ya juyo ya ce mu kawo takardar rigakafin karen. Muka ɗauko ɗan littafin nan da muka saba kira karne, sai ga shi allurar ƙarshe ta haura shekara biyu. Malam ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Alhaji, ko namu ne ko ba namu ba ne, mu muka bar ƙofa. A tashi a kai yaron asibiti yanzu, kuɗin allura a wuyanmu yake."

Aka wanke ciwon, aka fara masa allura a daren, aka cika sauran a ranakun da likita ya sa. Alhamdu lillahi yaron yana nan lafiya, yana zuwa makaranta. Amma makonnin da muka yi muna aika tambayar jikinsa, ba mu fatan wani gida ya ɗanɗana irinsu. Duna kuwa ba mu sake ganinsa ba. Autar gidanmu ta fi wata guda tana ajiye ɗan tuwo a kaskonsa kowane dare, babu wanda ya iya hana ta. Abin da Malam ya faɗa mana bayan baƙi sun tafi gajere ne: "Ku kuka yi lakwal, ku kuka san kwanan wata, takardar kuma a hannunku take."

Matsayin kare a gidan Musulmi

Kafin mu shiga dabarun tsaro, wajibi ne mu san a kan me muke tsaye. Ya inganta a cikin Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ana rage masa lada kowace rana, gwargwadon ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Ya kuma inganta cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Saboda haka ajiye kare don ado ko wasa, a kwana da shi a ɗaki, ba tafarkinmu ba ne.

Gadin gida fa? A nan malamai suka yi saɓani, da yawansu suka halatta shi bisa ƙiyasi da gadin gona da garke idan akwai buƙata ta gaskiya. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, daidai da 996 Miladiyya. Katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da abin da ke nufin da Malik ya riski irin wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. Mun daɗe da sanin wannan labari tun muna gaban Malam da allo, ba mu taɓa zaton faɗuwar katanga, wadda ta sa shehin ya nemi kare, ita za ta raba mu da namu ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasarsa. Kowane ra'ayi mutum ya bi, babu malamin da ya halatta azabtar da shi. Muna da labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa domin ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, muna da na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba.

Sai kuma batun lamuni, wanda mutane suka fi gafala da shi. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya ajiye kare mai cizo a inda shari'a ba ta yarje masa ba, shi zai biya ɓarnar da ya yi. Wanda kuwa ya ajiye shi bisa halacci, to da zarar an gargaɗe shi cewa karensa yana cutarwa, bai ɗauki mataki ba, ɓarnar ta hau kansa. A cikin Muwaɗɗa akwai hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke kan taguwar Barra'u ɗan Azibu da ta shiga gonar wani: tsaron gona da rana yana kan masu gona, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuwa tana kan masu dabbobin. Darasin a fili yake. Wanda ya ajiye dabba, tsare ta nauyinsa ne, kuma nauyin ba ya sauka don dabbar ta ƙetare bakin ƙofa.

Me ke fitar da kare daga gida?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma giɓi kaɗai ba ya fitar da kare, sai da abin da ya tura shi. Wanda ya san dalilin, ya san rabin maganin.

Na farko shi ne yunwa da ƙishirwa. Akwai masu cewa a bar karen gadi da yunwa don ya ƙara zafi. Wannan kuskure ne kuma zalunci ne. Kare mai yunwa hankalinsa yana juji da mahauta, kuma shi ne ɓarawo ke saye da guntun nama.

Na biyu shi ne tsoro. Kunnen kare yana jin sautin da namu ba ya ji, kuma tsawa da harbin bindigar biki da wasan wuta na ƙarshen shekara suna firgita shi, har ya haura katangar da bai taɓa gwadawa ba. Karen da ya fita a firgice yana gudu ne ba tare da lura da hanya ba, ruwan sama kuma yana wanke warin da zai bi ya dawo. Muna kyautata zaton abin da ya sami Duna ke nan.

Na uku shi ne neman barbara. Karya takan shiga wannan hali kusan sau biyu a shekara, kowane karo na mako biyu zuwa uku, kuma maza suna shinshino ta daga nesa. A irin waɗannan kwanaki namiji mai ladabi ma yakan tona ƙarƙashin shinge, macen kuma takan nemi fita da kanta. Idan ta ɗauki ciki, bayan kwana 63 ko kusa da haka gida ya cika da 'yan kwikwiyon da ba a shirya musu ba, daga nan a zubar da su a bayan gari su ƙara yawan karnukan titi.

Na huɗu shi ne ɗauri na dindindin. Karen da ya wuni ya kwana a sarƙa, ba ya zagayawa, ba a kula shi, ranar da sarƙar ta tsinke ba ya waiwaye, kuma irinsa ya fi saurin cizo. Na biyar shi ne baƙunta: karen da aka kawo da girmansa, ko aka yi ƙaura da shi zuwa sabon gida, yakan nemi komawa inda ya sani a makonnin farko.

Abin da za a yi tun kafin a yi nadama

A fara da katanga. Mai gida ya zagaya ta da kansa kafin damina, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi, ya dubi tushenta da kusurwoyinta, musamman idan ta ƙasa ce. Giɓin da aka gani yau, a toshe shi yau da abin da iska ba za ta ture ba, ko da buhunan yashi ne da tubali, kafin magini ya zo. Katangar da ta kai mita biyu ta ishi yawancin karnukanmu, da sharaɗin kada a jingina mata tarin itace ko bulo ko tanderu ko akurkin kaji, domin waɗannan tsani ne. A duba rariyar da ruwa ke fita, in tana da faɗi a sa mata ƙarfe. Inda shinge ne na waya ko na kara, a binne gindinsa, a jera duwatsu, saboda mai tona ƙasa.

Sai ƙofa. Karnuka da dama da suka ɓace ta ƙofa suka fita, a bayan mai garuwa, ko almajiri, ko yaron da aka aika sayen magi. Ginin iyayenmu yana da hikima a nan: zaure mai ƙofa biyu, ta waje da ta ciki, idan an saba rufe ɗaya kafin a buɗe ɗaya, dabba ba ta samun hanya. Gidan da ba shi da zaure, a yi wa karen ɗan keɓaɓɓen wuri mai ƙyaure da sakata a can ciki. A koya wa yara cewa wanda ya buɗe shi zai rufe. A ranakun suna da biki da Babbar Salla, lokacin da ƙofa ke wuni a buɗe, ƙamshin gashin raguna ya cika titi, a shigar da shi wurinsa tun da safe, a ba mutum ɗaya amanar dubawa. Aikin da aka bar wa kowa, babu mai yin sa.

Wurin nasa ya kasance da inuwa da ruwa mai tsabta kullum. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasashenmu, rana kaɗai tana iya kashe wanda aka ɗaure a fili. A yi masa ɗan rufi mai bango uku inda zai ɓuya idan hadari ya taso. Da zarar an ga gabas ta yi baƙi, a rufe shi a nan kafin a fara kwashe shanya. A ba shi abinci a lokaci sananne, safe da yamma, domin cikin da ya san lokacinsa ba ya yin nisa da gida.

Idan dole sai an ɗaure, ya zama na sa'o'i kaɗan, da igiya mai tsawo, a nesa da katanga. An sha samun karen da ya yi tsalle ya haura da sarƙa a wuya, ya rataye a ɗaya gefen. Abin wuyan ya zama na fata ko na ƙyalle mai ƙarfi, a bar sararin da yatsu biyu za su shiga, kada ya shaƙe shi, kada kuma ya zare kansa. A kai wa maƙeri ko mai walda ɗan guntun ƙarfe ya buga lambar wayar mai gida, a liƙa a jiki. A ɗauki hotonsa a waya, a lura da alamar da ta bambanta shi. A ƙasashe irin su Faransa doka ta wajabta yi wa kare shaida, galibi da wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sawa a ƙarƙashin fata, amma ba ta nuna inda kare yake, sai an kama shi an karanta ta da na'urar da ta dace. A wurinmu lambar waya a wuya, wadda kowa zai iya karantawa, ta fi saurin amfani.

A saba masa da amsa kira tun yana ƙarami, da suna ɗaya da fito iri ɗaya, a riƙa ba shi ɗan abin taɓawa idan ya zo. Kada a taɓa dukan karen da ya fita ya dawo da kansa, domin abin da zai fahimta shi ne dawowa ce ke jawo duka. Game da fiɗiya, likitocin dabbobi sun tabbatar tana rage yawon barbara, amma malamai sun saɓa kan yin ta ga dabbar da ba a ci: Hanafiyya sun sauƙaƙa idan akwai amfani, Shafi'iyya sun hana. Mai buƙata ya tambayi malaminsa, in zai yi kuma likita ya yi, kada a bar wa mai aska a bayan gida.

Idan ƙaddara ta riga fata

Sa'o'in farko su ne masu tsada. A fara da cikin gida da maƙwabta, domin karen da ya tsorata yakan ɓuya kusa, a ƙarƙashin mota ko a kangon da ba a gama ginawa ba. A fita nema da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da karnuka ke yawo. A sanar da mai unguwa, da masu gadi, da mahauta, da masu garuwa, da 'yan kabu-kabu, waɗanda babu lungun da ba su shiga, a nuna musu hoto. Gidajen rediyon gari suna karɓar cigiya. A ajiye tabarmarsa ko buhun da yake kwanciya a kai a bakin ƙofa tare da ruwa. Idan an hango shi kada a bi shi da gudu ko a tara masa yara, wanda ya fi sabawa da shi ya tsuguna daga nesa ya kira shi da murya mai taushi.

A gaggauta, domin titi ba shi da tausayi ga karen gida: ga mota, ga jifar yara, ga faɗa da karnukan juji, ga gubar da akan zuba wa karnuka marasa gida a wasu garuruwa. Idan Allah Ya sa ya dawo, a keɓe shi daga yara da sauran dabbobi, a duba jikinsa, a kai shi wurin likitan dabbobi, musamman in akwai alamar cizo. Mu kuma idan karen wani ya faɗo unguwarmu da abin wuya, mu hana yaranmu jifa, mu kai labari ga mai unguwa.

Ciwon haukan kare

Wannan shi ne dalilin da ya sa fitar kare ta wuce asarar mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana shiga ta cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri ne ke yaudarar iyaye: ciwo ya warke, a manta. Da zarar alamun sun fito, irin su tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, da wuya ƙwarai a tsira.

Amma kafin alamun, Allah Ya saukar da magani. Tun a watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura a Faransa, yaron ya rayu, kuma ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, a kuma cika allurar har ta ƙarshe. Kada a sa barkono ko toka ko gashin karen a ciwon, kada a ɗaure shi tam. Addu'a da tofi alheri ne, a yi su a kan hanyar asibiti. Idan an san karen, kada a yi gaggawar kashe shi a jefar, a tsare shi a sanar da ma'aikatan kiwo, su sa masa ido na kwana 10 zuwa 15, amma kada a jinkirta allurar yaro ana jiran sakamako.

Rigakafin kare kansa shi ne garkuwar unguwa. Ana fara masa yana da wata uku, a riƙa sabuntawa a lokacin da likita ya rubuta a karne. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. An gwada haka a birnin Njamena na ƙasar Cadi a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, aka yi watanni ba a sami kare mai cutar ba, har sai da ta sake shigowa daga wajen birnin. Ashe allura da tsare kare a gida tare suke aiki, kowanne yana buƙatar ɗan uwansa.

Kammalawa

Wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Mu mun yi tawakkali da langa-langa da ƙaya, muka bar takarda ta tsufa a cikin akwati, sai yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba ya sha allura, dabbar da ta yi mana gadin shekara huɗu ta ƙare a inda Allah kaɗai Ya sani. Mun gyara katangar a cikin yini ɗaya, da kuɗin da bai kai rabin na asibiti ba.

Saboda haka muna kira ga kowane mai gida da ke da kare, idan ya ajiye wannan mujalla, ya tashi ya zagaya katangarsa, ya gwada sakatar ƙofarsa, ya buɗe karne ya dubi kwanan watan allurar ƙarshe. Wanda kuma ya duba ya ga ba shi da buƙatar kare ta gaskiya, ko ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba, ya nemi makiyayi ko mai lambu amintacce ya miƙa masa, kada ya kai shi bayan gari ya sake. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi sanin mai shiga da mai fita, muna roƙon ku taya mu tsaron ƙofa. Malamanmu kuma su riƙa taɓo haƙƙin dabbobi a majalisunsu, domin mai tambaya ya daina jin kunya.

Allah Ya yafe mana sakacinmu, Ya tsare mana zuriyarmu da ta maƙwabtanmu, Ya sa mu cikin masu jin ƙan abin da Ya ba su amana. Allah ne Mafi sani.